Yadda za ka gane ko shugaban babban kamfanin fasaha yana kan hanya ko lokacin sauka ya yi

Duk lokacin da wani babban kamfanin fasaha ya fito da sabuwar waya ko manhaja ba ta burge mutane ba, sai ka ga an taso da magana ɗaya, wai shugaban ya gaji ya kamata ya sauka, wasu kuma su taso su ce ina, ka duba ribar da ya kawo wa kamfanin mana. A haka za a yi ta ja har kowa ya gaji babu wanda ya gamsar da wani, dan kowa da ma'aunin da ya riƙe. Ni na daɗe ina bibiyar waɗannan kamfanoni kuma abin yana damuna sosai, saboda hukuncin da mutum ɗaya ya yanke a ofishinsa shi ne yake zama wayar da ke hannunka bayan shekara huɗu, shi ne kuma yake zama aikin dubban mutane ko korarsu. To ga yadda ni nake auna su, kai ma za ka iya, ba sai kana da hannun jari ko ka karanci harkar kuɗi ba.

Ka fara da raba girbi da shuka

In ka kuskure wannan to sauran duka sun rushe. Ribar da kamfani yake ci bana ba aikin bana ba ce, aikin shekara biyar ne ko goma da suka wuce, wani lokacin ma aikin wanda ya sauka ne. Ɗauki BlackBerry na ƙasar Kanada, iPhone ya fito a 2007, amma kuɗin shigar BlackBerry bai faɗi ba, ƙaruwa ma ya yi ta yi har ya kai kusan dala biliyan 20 a shekarar kuɗi ta 2011, wato shekara huɗu cur duk wanda ya kalli lissafi kawai cewa zai yi shugabannin nan biyu Mike Lazaridis da Jim Balsillie gwanaye ne, alhali gara ta riga ta cinye ginin ta ciki. A Janairun 2012 suka sauka, lokacin an riga an makara.

Steve Ballmer ma haka, ya riƙe Microsoft daga 2000 zuwa 2014, kuɗin shiga ya ninka sama da sau uku a hannunsa, daga kimanin dala biliyan 23 zuwa kusan 78. Amma akwai bidiyon nan nasa na 2007 da har yau ake yawo da shi, an tambaye shi game da iPhone sai ya tuntsire da dariya, ya ce waya ce ta dala 500 kuma ba ta da maɓallan rubutu saboda haka 'yan kasuwa ba za su so ta ba. Ka kalli fuskarsa a bidiyon, ba wasa yake ba, da gaske ya yarda da abin da yake faɗa, kuma nan ne hatsarin yake. Microsoft ya rasa kasuwar waya gaba ɗaya, ya sayi sashen wayoyin Nokia a kan sama da dala biliyan 7, a 2015 ya fito ya ce asarar dala biliyan 7.6 ce.

Sai dai fa adalci ya sa dole in faɗi ɗaya gefen, Azure ɗin nan da ake yaba wa Satya Nadella, wanda ya gaji Ballmer, a kai, wato hayar rumbunan kwamfuta ta intanet da ta farfaɗo da kamfanin, a zamanin Ballmer aka dasa shi, an sanar da shi a 2008 ya fara aiki a 2010. Kenan mutumin da ake wa kallon wanda ya gaza ya bar wa magajinsa shuka mai kyau guda ɗaya. Shi ya sa nake cewa ka ɗauki takarda ka raba ta biyu, gefe ɗaya ka rubuta abin da shugaban ya tarar yana kawo kuɗi, ɗaya gefen ka rubuta abin da shi ya fara da hannunsa. In gefen farko ya cika na biyu kuma fayau bayan shekara bakwai ko takwas, to dukiyar gado yake ci.

Ka buɗe rahoton shekara da kanka

Mutane suna tsoron wannan amma wallahi ba wani abu ba ne. Duk kamfanin Amurka da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwa dole ya miƙa wa hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, rahoton shekara mai suna 10-K, kyauta ne kuma yana shafin kamfanin. Ba sai ka karanta duka ba, ni abin da nake yi in na sauke shi sai in zarce wajen teburin da ya kasa kuɗin shiga sashe-sashe, in ajiye na bana kusa da na shekara biyar baya, in bi da yatsa layi-layi. Abu biyu kawai nake nema, wane sashe ne yake ɗauke da gidan, sannan wane ƙaramin sashe ne yake girma da sauri. A Apple misali za ka ga iPhone shi kaɗai yana kawo kusan rabin kuɗin shiga, to duk wani hukunci a kan shugabancin kamfanin dole ya bi ta kan tambayar me zai faru ranar da mutane suka rage canza waya.

Sannan ka lura da abin da aka daina faɗa. A ƙarshen 2018 Apple ya sanar cewa ya daina bayyana adadin wayoyin da yake sayarwa, kuɗin kawai zai riƙa faɗa. Ba laifi ba ne, kuma suna da hujjarsu, amma ruwa ba ya tsami banza, duk lambar da kamfani ya saba alfahari da ita rana ɗaya ya ɓoye ta to ka tsaya ka tambayi dalili. Haka kuma ka bincika ko wani kaso na ribar yana hannun wani ne, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google ne aka ji cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple kimanin dala biliyan 20 dan ya zama shi ne injin bincike na farko a burauzar Safari. Irin wannan kuɗin ba ƙirƙira ce ta kawo shi ba, yarjejeniya ce, kuma alƙali ko abokin yarjejeniyar zai iya taɓa ta.

Bayan rahoton akwai zaman da shugabanni ke yi da masu nazarin kasuwa duk wata uku, shi ma ana sa shi a intanet. Tsallake jawabin farko dan rubutacce ne, ka je wajen tambayoyi, ka saurari yadda shugaban yake yi in an matsa masa, yana amsa abin da aka tambaya ne ko yana kewaye-kewaye.

Alƙawari da cikawa

Nan ne ake gane alƙiblar kayan kamfani, ba a wajen bikin ƙaddamarwa ba, dan a kan dandamali kowa gwani ne. Ka koma baya shekara biyu ko uku ka nemo abin da aka yi alƙawari, ka duba me ya iso hannun mutane kuma yaushe. Intel ya yi ta cewa sabuwar fasaharsa ta ƙera cip, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai suna nanomita 10 tana nan tafe, an sa rai tun wajen 2016, sai 2019 aka fara ganinta da yawa a kasuwa, a tsakanin nan TSMC na Taiwan ya wuce shi, a 2020 kuma Apple ya fara cire cip ɗin Intel daga kwamfutocinsa ya sa nasa M1. Wanda yake ƙirga jinkirin nan tun na farko da na biyu bai yi mamakin abin da ya biyo baya ba, Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. Apple shi ma a Yunin 2024 ya nuna sabuwar Siri, manhajar da ake yi wa magana a iPhone, mai ƙirƙirarriyar basira, har talla aka yi, a Maris 2025 ya fito ya ce abin zai jinkirta. Sau ɗaya ba komai, amma ka rubuta ka ajiye.

Amma kar ka ɗauka duk kayan da ya faɗi alama ce ta mugun shugabanci, wannan kuskure ne da nake gani kullum kuma yana ba ni haushi. Amazon ya fito da Fire Phone a 2014 ta faɗi warwas har aka yi asarar dala miliyan 170, Jeff Bezos bai tsaya kare ta ba ya rufe ya wuce, kuma a wannan shekarar ce dai aka fito da lasifikar Echo da manhajarta Alexa mai amsa magana. Kamfanin da bai taɓa faɗuwa a komai ba cikin shekara goma shi ya fi ba ni tsoro dan alama ce ba ya gwada komai. Abin dubawa shi ne nawa aka zuba, tsawon wane lokaci, kuma shugaban yana iya cewa ya isa haka. Apple ya shafe kusan shekara goma yana aikin mota kafin ya haƙura a farkon 2024. Meta mai Facebook kuwa sashensa na Reality Labs, mai ƙera tabarau na zamani, yana asarar sama da dala biliyan 10 duk shekara tun 2021, a 2024 ta haura biliyan 17, kuma ana ci gaba. Ko hangen nesa ne ko taurin kai, wannan ita ce gardamar, kuma gaskiya tana da wuyar yankewa, saboda kamfanin cip na Nvidia ma ya fara zuba kuɗi a CUDA, manhajar da ke sa cip ɗinsa yin manyan lissafi, tun 2006 mutane suna ganin ɓarna ce, sai bayan shekaru da yawa ƙirƙirarriyar basira ta zo ta tarar da shi a shirye. Bambancin da ni nake nema shi ne, akwai wasu mutane ko da 'yan kaɗan ne da suka riƙe abin suna amfani da shi kullum ba tare da an roƙe su ba? CUDA yana da su tun da wuri a jami'o'i da ɗakunan bincike.

Tambaya ta gaba ita ce wadda na fi ba muhimmanci a wannan ɓangaren, shugaban zai iya yanka saniyar da ake tatsa da hannunsa kafin wani ya yanka masa? Steve Jobs ya san iPhone zai kashe iPod, kuma iPod ne yake kawo kuɗi sosai a lokacin, amma ya yi. Nadella ko wata biyu bai yi a kujera ba aka saki Office a iPad, abin da a da ake ganin kamar cin amanar Windows ne. Kodak kuwa injiniyansu Steve Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital tun 1975, amma fim yana kawo kuɗi, aka yi ta jan ƙafa, 2012 kamfanin ya shiga fatara.

Ka kalli ƙofar fita

Wa yake barin kamfanin, kuma ina yake zuwa. Ba korar dubban ma'aikata nake nufi ba, wannan wani lissafi ne daban, ina nufin ƙwararrun da kamfani ba ya son rasawa. A 2017 masu bincike takwas a Google suka wallafa aikin da kusan duk manyan manhajojin hira na yau suka ginu a kansa, zuwa 2023 babu ko ɗaya da ya rage a Google, daga baya ne aka dawo da ɗaya, kuma wanda ya fara kai fasahar hannun jama'a OpenAI ne da ChatGPT a Nuwamban 2022. Ilimin yana gidan amma hanyar fitar da shi ta toshe, wannan matsalar shugabanci ce tsantsa.

Sannan ka duba waɗanda suka rage kusa da shugaban, akwai mai iya ce masa a'a ko duk 'yan amshin shata ne. Daga waje da wuya ka gani kai tsaye amma akwai alamu, in duk wanda ya yi suna a kamfanin bayan ɗan lokaci sai ka ji ya tafi, to inuwar shugaban ba ta barin komai ya tsiro a ƙarƙashinta.

Shekaru ba ma'auni ba ne

Wannan a taƙaice zan faɗe shi. Jensen Huang yana kan kujerar Nvidia tun 1993 kuma mafi girman nasararsa ta zo ne bayan shekara talatin. Wani kuma shekara ɗaya ta isa ya yi ɓarna, Léo Apotheker bai cika shekara ba a HP amma a ciki aka ƙulla sayen kamfanin manhaja na Autonomy a kan kimanin dala biliyan 11, shekara ɗaya bayan nan aka bayyana asarar biliyan 8.8. Saboda haka ka bar ƙirga furfura. Tambayar ita ce gwanintar mutumin nan ta dace da matsalar da ke gaban kamfanin yanzu? Tim Cook, wanda ya gaji Steve Jobs a Apple, gwanin sarrafa masana'antu da jigilar kaya ne, a 2011 abin da Apple yake buƙata kenan, a ƙera ɗaruruwan miliyoyin waya a kai su ko'ina cikin duniya, ya yi kuma har kamfanin ya kai darajar dala tiriliyan 1 a 2018 ya taɓa tiriliyan 3 a farkon 2022, yabon gwani ya zama dole. Amma sarki goma zamani goma, ana iya cewa mutum ya yi aikinsa da kyau kuma a ce zamanin da ke tafe yana son wata gwanintar daban, maganganun biyu ba sa karo da juna, kuma rashin iya riƙe su tare shi ke sa gardamar mutane ba ta ƙarewa.

Maganar magaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in yau da dare shugaban ya kwanta rashin lafiya, za ka iya kiran sunan wanda zai zauna a kujerar gobe da safe, kuma an taɓa ganin mutumin ya riƙe wani babban abu shi kaɗai? Cook ya riƙe Apple sau uku lokacin da Jobs yake jinya, a 2004 da 2009 da 2011, shi ya sa da Jobs ya sauka a Agustan 2011 babu ruɗani. Andy Jassy shi ya jagoranci AWS, sashen Amazon na hayar rumbunan kwamfuta, tun tasowarsa, Bezos ya sanar da miƙa masa Amazon a Fabrairun 2021 aka miƙa a Yuli, cikin natsuwa. Nadella yana Microsoft tun 1992 kuma shi ke riƙe da sashen da makomar kamfanin take, duk da haka sai da aka shafe sama da wata biyar ana nema bayan Ballmer ya ce zai tafi.

Yanzu kwatanta da Intel, kamfanin da a da ake misali da shi wajen miƙa mulki cikin tsari, daga Robert Noyce zuwa Gordon Moore zuwa Andy Grove. A Yunin 2018 Brian Krzanich ya sauka ba shiri, aka ɗora mai kula da kuɗi Bob Swan na riƙo, aka yi wata bakwai ana nema ƙarshe aka tabbatar da shi, 2021 aka kawo Pat Gelsinger, Disambar 2024 shi ma ya tafi aka sake komawa riƙo, sai Maris 2025 aka naɗa Lip-Bu Tan. A sana'ar da gina masana'anta ɗaya ke cin shekaru, kowane sabon shugaba da nasa tsarin, ka ga kuwa babu tsarin da zai kai ga nuna. Yahoo ma haka ya yi ta canza shugabanni, Microsoft ya taya shi dala biliyan 44.6 a 2008 aka ƙi, a 2017 Verizon ya sayi ainihin kasuwancin a ƙasa da biliyan 5.

Na ciki ko na waje? Ni ra'ayina in kamfani yana da lafiya na ciki ya fi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuma al'adar gidan ce ta ruɓe to na waje yakan fi iya taɓa abin da 'yan gida ke jin nauyin taɓawa, kamar yadda Lou Gerstner ya zo IBM a 1993 ba daga harkar kwamfuta ba ya ceto shi. Amma ba kullum ba, Nokia ya ɗauko Stephen Elop daga Microsoft a 2010, a Fabrairun 2011 ya jingina kamfanin gaba ɗaya da Windows Phone, sauran labarin ka riga ka ji a sama. Lisa Su kuwa tsaka-tsaki ce, ta shigo kamfanin cip na AMD a 2012 ta zama shugaba a 2014 lokacin kamfanin yana gab da durƙushewa, injiniya ce da ta san kayan da kanta, ta rage abubuwan da ake bi ta tsaya a kan cip mai ƙarfi, 2017 cip ɗinsu Ryzen ya fito.

Wa ke da ikon cewa sauka

Wannan mutane da yawa suna mantawa da shi sai su yi ta kiran a sauke wanda babu mai iya sauke shi. Akwai wata takarda da kamfani ke aika wa masu hannun jari kafin taron shekara, ita ma tana intanet, a ciki za ka ga sunayen daraktoci da shekarun da kowa ya yi da albashin shugaba da yadda ƙuri'u suka kasu. A Meta hannun jari kala biyu ne, wani ƙuri'a ɗaya wani goma, Mark Zuckerberg yana riƙe da fiye da rabin ƙuri'un shi kaɗai, kenan daraktoci shawara kawai za su iya ba shi. A Alphabet ma, uwar kamfanin Google, Larry Page da Sergey Brin da suka kafa Google in suka haɗu suna da rinjaye duk da Sundar Pichai ne a kujera. A irin wannan gidan tambayar ba ko ya kamata ya sauka ba ce, tambayar ita ce yana jin magana in an faɗa masa.

Ko inda daraktoci ke da iko a takarda ma ka duba ko suna da shi a zahiri. Ranar 17 ga Nuwamban 2023 daraktocin OpenAI suka cire shugaban kamfanin Sam Altman, ba su shirya wa abin da zai biyo baya ba, sama da ma'aikata 700 suka sa hannu a wasiƙa cewa za su tafi in ba a dawo da shi ba, cikin kwana biyar ya dawo, daraktocin ne ma akasarinsu suka tafi.

In ka gama duk wannan ka koma kan takardar nan taka, a ƙasa ka rubuta hukuncinka da kwanan wata, ka ƙara abu biyu ko uku da in suka faru za ka yarda ka yi kuskure, misali in kayan da aka jinkirta ya fito kafin ƙarshen shekara kuma yana aiki yadda aka nuna, ko in aka ɗaga wani mataimaki aka ba shi babban sashe ya riƙe shi kaɗai. Ni duk bayan wata shida nake buɗe tawa in duba, galibi bayan an fitar da rahoton wata uku da kwana ɗaya ko biyu, lokacin hayaniyar kasuwa ta lafa.